Iyon karɓa-karɓa da kududdufin bayan gida

Ba sai mace ta iya iyo ba kafin gasar iyon karɓa-karɓa ta tayar da ita tsaye a gaban talabijin. Mutum huɗu ne a ƙungiya, kowa ya yi mita 100, kuma na gaba ba ya faɗawa ruwa sai ɗan'uwansa ya taɓa bango. Idan ya yi azarɓaɓi ko da na ƙiftawar ido, an fitar da su baki ɗaya.

Wadda har yau ake maimaitawa ita ce ta Olamfik ɗin Bejin, ranar 11 ga Agusta, 2008. Faransa ke gaba da aka zo kan na ƙarshe, kuma nata gwanin Alain Bernard ne, wanda ya shigo gasar da tarihin duniya na mita 100 a hannunsa. Jason Lezak na Amurka, mai shekara 32, yana biye. Har suka juyo daga bango kowa ya sallama. Sai ga shi yana matsowa, kafaɗa ta kamo ƙugu, kai ya kamo kafaɗa, suka miƙa hannu kamar tare. Ido bai iya raba su ba, na'ura ce ta raba: Amurka minti 3 da daƙiƙa 8.24, Faransa 8.32. Ko kin san sakamakon, sai gabanki ya faɗi.

Ni kuwa na ukun Amurka na fi zuba wa ido, Cullen Jones, baƙar fata. Yana ɗan shekara biyar ruwa ya kusa cinye shi a wurin wasan yara, sai da aka yi masa taimakon numfashi ya farfaɗo. Mahaifiyarsa ba ta tsaya ga hani ba, ta kai shi inda ake koyar da iyo. Mu a Sabon Birni ina za mu kai namu? Abin da muke da shi kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina, sai madatsun ruwa irin Guzuguzu a Kabo. Kuma yaron da ya ga wannan tsere da dare, wallahi da safe ruwa yake tunani. Nawa da muka kalla tare, tun kafin a kashe talabijin ya raba ƙannensa ƙungiya biyu.

Ba mu manta Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya.

Ga abin da aikin jinya ya koya mini. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, bakinsa neman iska yake yi, shi ya sa ƴan'uwansa kan zaci wasa ne. Ki gaya wa manyan kada wanda ya faɗa ceto. A miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarkar da ba komai a ciki, murfinta a rufe, a kira babba. Idan an fito da shi, don Allah a daina danna ciki ko riƙe shi ƙafa sama wai ya amayo ruwa, ɓata lokaci ne. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji. Ko ya tashi yana magana a kai shi asibiti, domin huhu kan rikice bayan wasu awanni.

Sai tsargiya, wadda katantanwar kududdufi ke yaɗawa. Yaron da ke fitsarin jini ba girma ya zo masa ba, magani yake buƙata, kuma akwai shi, praziquantel.

Uwayen da ke kusa da rafi, wa ya koya wa naku iyo, kuma suna da shekara nawa?