Kobe: Birnin da ya gyara tasharsa amma ya rasa abokan ciniki

Da asubahin 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe na ƙasar Japan, ta hallaka mutum fiye da 6,400, ta kuma farfasa tashar jiragen ruwansa. Cikin kimanin shekara biyu aka gyara tashar, duniya ta yi ta jinjina wa Japanawa. Sun cancanci yabon, amma a ganina darasin Kobe yana cikin abin da bai gyaru ba.

Kobe siririn birni ne da ya matse tsakanin duwatsun Rokko da tekun Osaka. Saboda ƙarancin fili, sai da aka yi ta sare duwatsu ana cike teku da ƙasarsu, har aka samar da tsibirai biyu, Port Island da Rokko Island. Tun da aka buɗe tashar ga baƙi a 1868, fatauci ne abincin garin. Fatake Musulmi daga Indiya da 'yan ƙabilar Tatar ma sun zauna a can, su ne suka gina masallacin Kobe a 1935, wanda ya tsira daga bama-baman 1945 da girgizar ƙasar.

Kafin bala'in, Kobe ce ta shida a duniya wajen hada-hadar kwantenoni. Da ta tsaya cak, kamfanonin jiragen ruwa suka karkata zuwa Busan ta Koriya ta Kudu. Suka tarar da sauƙin kuɗi, da yawansu suka yi zamansu. Yau Busan na cikin manyan tashoshi goma na duniya, Kobe kuwa an bar ta can baya.

Wasu za su ɗora laifin duka a kan ƙaddara. Ban yarda ba. Tun kafin 1995 tashoshin Japan suna da tsada, maƙwabta kuma suna tasowa. Girgizar ƙasar ta dai bai wa 'yan kasuwa dalilin gwada wata ƙofa. Da hukumomi suka tashi gyara, sai suka fi mayar da hankali ga dawo da tashar yadda take a da, alhali kiɗa ya riga ya canza.

Siminti da ƙarfe suna dawo da gini. Abokin ciniki kuwa farashi da saurin aiki yake dubawa, kuma ba ya jiran kowa ya gama jinya.