A SA MAI LURA DA KWAMFUTOCIN JARRABAWA

Edita,

Ina kira ga masu cibiyoyin jarrabawar kwamfuta.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa ɗan tireda, karatuna bai wuce firamare ba. Kwanakin baya na shiga birni saro kaya, sai na biya wajen ɗan ƙanena da ke gyaran kwamfuta a wata cibiya. Na tarar da kwamfutoci jere cikin ɗaki, ba kowa gabansu, kowace tana loda wa kanta Windows. Shi kuwa yana can lungu gaban guda ɗaya tak. Na ce, "Kai, haka ake neman halak a zaune?" Ya yi dariya, ya ce, "Baba, matso ka gani."

Ashe fuskar kowace kwamfuta tana fitowa a tasa, fangali-fangali kamar lambun albasa. Sunan abin VNC, in ji shi. Muna cikin kallo sai ɗaya ta cije, tana jiran a amsa mata wata tambaya. Daga mazauninsa ya danna, ta ci gaba. Ya ce da ba ya kallo, haka za ta kwana, kowa na zaton ta gama.

To abin da ya ɓata mini rai, wai mai cibiyar cewa yake tunda na'ura na yin aikin da kanta, biyan mai lura asara ce. Haba jama'a! Mu da ke noman rani mun sani, in ka tayar da injin ban-ruwa ka tafi hira, wani fangalin zai cika ya fashe, wani kuwa ko ɗigo bai samu ba.

Kuma ba zancen kirdado nake ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A 2025 aka yi wani gyara da bai shiga na'urorin wasu cibiyoyi ba, ba a kuma gano ba sai da sakamako ya fito. Cibiyoyi 157 abin ya shafa a Legas da Kudu maso Gabas, ɗalibai 379,997 aka ce su sake zama, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya ba da haƙuri har da hawaye. Mu talakawa hatsi muke sayarwa mu biya kuɗin fom da na mota. In an ce a sake, kuɗin motar daga wane rumbun zai fito?

Don Allah masu cibiyoyi ku ajiye mai lura, ku biya shi, a duba kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kafin ranar jarrabawa. Sannan a kulle wannan tagar leƙen da lambar sirri, domin yaron ya ce duk wanda ya shiga cikinta yana iya juya kwamfutar kamar yana zaune gabanta.

Naku,
Wani manomi mai tireda,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.