Ɗan agajinmu a Jidda

Jama'a, duk ɗan agajin da ya saba busa usur a filin Idin Gusau mutane su dare, ranar da ya sauka Jidda yake gane cewa kakinsa a gida kawai yake da kwarjini. Askar ya daka masa tsawa da Larabci, zafi ya doke shi, ga wani dattijo daga Bungudu ya riƙe masa riga yana tambayar ina jakarsa ta shiga. Nan aikin yake farawa, tun bai ga Ka'aba ba. Sai ya isa unguwar Misfala a Makka, ya ji takari suna tallar tuwo da Hausa, sannan hankalinsa ya kwanta. Nauyin wannan aikin ne ya sa nake jin haushi idan aka mayar da kujerar hidimar alhazai tukuicin siyasa. Hajiyar Tsafe da ta ɓace a Mina, tantuna duk iri ɗaya, ba ruwanta da wanda ya yi wa ɗan takara kamfe. Mai haƙuri take nema, mai ɗan Larabci, wanda zai bar nafilarsa a Harami ya bi ta da lambar tanti a hannu.