Fitilun Ado na Dindindin a Lungunan Madabo

Madabo, unguwar malaman da ta yi suna da karatun fiƙihun Malikiyya a tsohon birnin Kano, tana cikin wuraren da ake ƙawata ƙofofin masallatai da zaurukan karatu da igiyoyin fitilu idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, ana shirin Maulidi da Takutaha. A Amurka ana sayar da fitilun LED na dindindin, wato ƙananan ƙwayaye masu ba da haske ba tare da ɗaukar zafi sosai ba, waɗanda ake kafawa a bakin rufi sau ɗaya domin bukukuwan ƙarshen shekara, kuma wannan tsari ya fi dacewa da Kano, domin kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka bikin da ya faɗo a damina zai zagayo tsakiyar hunturu bayan wasu shekaru, ke nan fitilun za su fuskanci ruwan sama da ƙura. Saboda haka wajibi ne masu sayar da kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari su riƙa fayyace wa mai saye ma'anar lambar IP65, wadda ke nuna cewa ƙura ba ta shiga fitilar kuma tana jure feshin ruwa. Fitilar LED tana cin wuta ƙasa da rubu'in abin da tsohon ƙwai mai zare ke ci, lamarin da ya sa ƙaramin faifan sola da batir ke iya riƙe ta idan wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ta ɗauke. Ya kamata mutanen unguwa su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren mai gyaran wuta, domin waya tsirara a jikin jiƙaƙƙen bangon ƙasa haɗari ce ga almajirai da yaran lungu.