Hannun yaro ba hannun babba ba ne

Maganar wannan mako a kan maƙera keke take, da kuma mu kanmu masu saye.

Ku ɗauki tef ku auna hannun keken ɗanku, daidai wurin da yake riƙewa. Kusan tabbas za ku sami kaurin bututun milimita 22.2. Ku auna na kekenku, za ku sami 22.2 ɗin dai. Kamfani ya rage taya daga inci 29 zuwa 20, ya rage sirdi, ya rage feda, ya zuba fenti mai ɗaukar ido, amma da aka zo wurin da yaro zai riƙe ransa, sai aka bar masa awon ƙato. Idan aka saka robar riƙo a kai, kaurin kan kai milimita 30 zuwa 32, wato zagayensa kusan santimita 10. Yatsun ɗan shekara shida da ƙyar za su zagaye wannan su haɗu da babban yatsa.

Abin kunya ne a ce maƙerin ƙauye ya fi su lura. Idan zai yi wa yaro fartanya, yakan sassaƙa siririyar ƙota daidai tafin hannunsa, don ya san kaurin ƙota ne ke gajiyar da hannu tun kafin nauyin ƙarfe. Ƙaramar yarinya ma ba a miƙa mata taɓaryar uwarta a ce ta yi daka.

A kan keken hawan dutse lamarin ya wuce gajiya. A gangara mai tsakuwa hannu yana aiki biyu lokaci guda: yana riƙe keke, yana jan burki. Yaron da hannunsa bai zagaye marikin ba, matsewa yake yi da ƙarfin tsiya, damtsensa ya ƙage cikin 'yan mintuna. In ya miƙa yatsu zai kamo burki, riƙon ya sassauta. In ya ƙanƙame riƙon, burki ya kuɓuce masa. Daga nan sai faɗuwa, mu kuma mu ce yaron matsoraci ne ko ba shi da ƙwazo.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Kamfanin woom yana sa wa wasu kekunan yaransa hannu mai kaurin milimita 19 a wurin riƙo. SDG da ProTaper su ma sun fitar da siraran hannuwa da robobinsu musamman don yara. Bambancin 22.2 da 19 kamar ba komai ba, amma a zagaye santimita ɗaya ne cur, kuma a tafin yaro santimita ɗaya ba wasa ba ce. Dalilin da ya sa sauran suka ƙi bi a fili yake: burki da madannin giya duk an ƙera su don su zauna a kan 22.2, sauya awo kuwa kashe kuɗi ne. Sun zaɓi sauƙin masana'anta, suka bar yaro da wahalar.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Mu da Raleigh ɗin baba muka koya, ta ƙarƙashin sanda, ga mu da ranmu." Gaskiya ne. Amma a shimfiɗaɗɗen layin unguwa aka yi wannan, ba a gangaren duwatsu irin na Jos ba, kuma tabon gwiwa da haƙoran da aka bari a ƙasa ba hujja ba ce. Wasu za su ce a saya masa babba, zai girma ya same shi. Riga ake yi wa haka. Riga mai yawa ba ta taɓa hana kowa taka burki ba.

Masu cewa kayan suna da tsada kuma samunsu a kasuwanninmu da wuya, mun yarda da su. Sai dai akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai. A cire robar nan mai kauri a sa siririya. A duba ɗan ƙaramin kusar da ke jikin marikin burki da yawa, a juya shi har marikin ya matso kusa da yatsu. In hannun ya yi faɗi, na manya kan kai milimita 760 zuwa 800, a sa mai gyara ya rage shi da zarton ƙarfe daidai wa daida a kowane gefe. A toshe bakin bututun da murfi, don buɗaɗɗen baki in ya soki cikin yaro a faɗuwa yana iya taɓa hanta ko saifa. Abu ɗaya ne ba a yi: kada a goge bututun da magagari don ya sirance, raunana shi za a yi ya karye a kan hanya.

Wannan ya shafi 'yan uwanmu mata da duk babban da Allah ya yi shi da ƙaramin hannu. Ranar saye, a tafi da mai keken. Ya riƙe, a ga yatsunsa sun zagaye, ya ja burki ba tare da ya saki riƙon ba. In bai iya ba, a bar wa mai shago kayansa, kuma a gaya masa dalili, don dillali ba ya sauya oda sai ciniki ya wuce shi.