Ɗalibi da Dillalin Ɗakin Haya

Duk lokacin da jami'a za ta buɗe sabon zangon karatu, akwai wata kasuwa da takan ci a Samaru ta Zariya, da Ɗanbare da Rijiyar Zaki a Kano, watau kasuwar ɗakin haya. Ɗakunan kwana na cikin makaranta sun daɗe da kasa ɗaukar yawan ɗaliban da ake ba gurbi, saboda haka dole ragowar su nemi wurin sa haƙarƙari a gari, na shekara guda ko na 'yan watanni. A wannan kasuwa ne mazambata suke baza komarsu.

Dabarunsu ba boyayyu ba ne. Wani yakan sa hoton ɗaki mai kyau a Facebook ko WhatsApp da kuɗi mai rahusa, ya ce mutum uku na layi, sai an turo kafin alƙalami yau ɗin nan. Da kuɗi sun shiga, waya ta mutu. Wani kuma yakan ari mabuɗi wurin mai gadi, ya zaga da ɗalibi har ya nuna masa famfo da makewayi, ya karɓi kuɗin shekara da la'ada, alhali kuwa ya riga ya karɓi na wasu a kan wannan ɗaki. Ranar tarewa sai a haɗu a bakin ƙofa, kowa da katifarsa a ka.

Akan ɗora laifin a kan lalacewar zamani, a yi shiru. Amma dillanci da saukar baƙi ba baƙin abubuwa ba ne ga Bahaushe. Fatake sun daɗe suna sauka wurin fatoma ko maigida a zango, ya ba su masauki, ya ajiye musu dukiya, ya tsaya musu a ciniki. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara a kan irin waɗannan masu gidaje, har ana ba da shanu bashi bisa lamuninsu. Abin da ya riƙe wannan tsari kuwa shi ne maigida yana da gida sananne da iyali da mutuncin da yake tsoron zubarwa. In ya ci amana, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dillalin yau da yawa ba shi da komai sai lambar waya, amma ɗalibi yana ba shi irin yardar da kakansa ya ba fatoma.

Babban makamin mazambaci kuwa shi ne kunyar ɗalibi. Yaron da ya tashi cikin tarbiyya yakan ji nauyin ya ce wa sa'an mahaifinsa, mai gemu da carbi, "Baba, ina son in ga mai gidan da idona." Gani yake yi kamar ya tuhume shi da sata. To, ai kunyar mara kunya asara ce. Neman shaida ba rashin ladabi ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun shardanta cewa a haya sai an san kuɗi, an san wa'adi. Wanda ya fusata don an nemi a rubuta, ya riga ya ba da amsa.

Ya kamata kuɗi su zama abu na ƙarshe da zai fita. Kafin nan ɗalibi ya je gidan da kansa, ya sake komawa ba tare da dillalin ba, ya tambayi 'yan hayar da ke ciki wa suke biya. Mai shayi na bakin layi da limamin masallacin unguwa sun san mai kowane gida, mai unguwa kuma ya fi su sani. Sa'an nan a biya a hannun mai gida ko wakilin da ya nuna da bakinsa, gaban shaidu biyu, a rubuta ranar shiga da ta fita, da wanda zai biya wuta da ruwa. In ta banki ne, a duba ko sunan da ke kan asusun shi ne na takardar.

Gaskiya ne doka ta tanadi hukunci ga mazambaci, har lambar sashe na 419 ta zama sunansa a bakin jama'a. Sai dai ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ba shi da lokacin zirga-zirgar kotu, kuma hukunci ba ya ba shi wurin kwana a daren. Nan ne ƙungiyar ɗalibai da ofishin kula da harkokinsu suke da aiki. Ba zai gagare su ba su zauna da masu unguwanni, su fitar da sunayen masu gidaje da dillalan da aka sani, su liƙa a allon sanarwa tun kafin sababbin ɗalibai su sauka a tasha.