Masu loda mana Skyrim a filas, ku ji tsoron Allah

1/ Zare ne, kuma da masu loda gem na garin nan nake. Daga Kawo har layin masu kwamfuta na Ahmadu Bello Way abu ɗaya ake yi: a zuba wa yaro Skyrim da mod ɗari a filas, a karɓi kuɗinsa, gem ya ƙi tashi, a ce masa "laftof ɗinka ce ba ta da ƙarfi, kawo a ƙara RAM." Wallahi mafi yawan lokaci ƙarya ce.

2/ Skyrim fa gem ne na 2011. Special Edition ta fito a 2016. Tsohuwar laftof ta hannu na biyu tana jan na 2011 lafiya lau. Abin da ke kashe ta shi ne tarkacen da kuka jibga masa ba ku karanta ko layi ɗaya na bayaninsa ba.

3/ Mu fara da fata, wato hoton da ake lulluɓe riga ko bango ko takobi da shi. Fayil ne mai suna .dds. Fatar 4K guda ɗaya, idan an matse ta da BC7, tana cin MB 16, da ƙananan kwafinta na kallon nesa ta haura 21. Ta 1K kuwa MB 1 ce da ɗan ɗori. Ninki goma sha shida kenan.

4/ Toh malam, allon yaron nan 1366x768 ne, katin hotonsa Intel HD ne da ke aron RAM. Ka zuba masa 4K har ta cokali da guga. Me zai gani? Ba abin da zai gani sai tsinkewa. Kuma ga kuɗin data da aka ƙona wajen sauke su, a garin da kake cajin laftof a shagon maƙwabci.

5/ Riga ta koma shuɗi-shuɗi kamar an tsoma ta a marina? Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan sabon Windows. Gem ya nemi fatar ne bai same ta ba. Buɗe fayil ɗin .nif da NifSkope, duba hanyar da aka rubuta, ka je Data\textures ka ga ko sunan ya yi daidai. Aikin minti biyar.

6/ Fuska ta yi duhu, wuya kuma fari? Mod biyu ne ke faɗa a kan mutum ɗaya. Gem na fita da kansa tun bai kai allon farko ba? Duba ko wani mod na neman uwarsa da ba a saka ba, ko SKSE bai dace da sigar gem ɗin ba. Sabuntawar Nuwamba 2021 ta karya mod masu yawa a duniya baki ɗaya, har yau filas ɗinku na cakuɗa na kafin ta da na bayan ta.

7/ LOOT kyauta ne. Mod Organizer 2 kyauta ne. Kashe rabin mod, gwada, sake raba rabin, gwada. Mod 100, gwaji bakwai ya isa ka cafke mai laifin.

8/ Wani zai ce ai taimako suke yi, data ta yi tsada. Na yarda, karɓi ladan saukewa da na lokacinka. Amma mod ɗin nan mutane suka zauna suka yi, suka ɗora a Nexus Mods kyauta. Ko Valve da Bethesda da suka gwada sayar da mod a Steam a Afrilun 2015, cikin kwanaki kaɗan suka janye. Kai wane ne da za ka goge sunan mai aikin ka kira shi "haɗin shagonmu"?

9/ Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne. Kun hana yaran buɗe folda. "Kar ka taɓa, zai lalace." Ya lalace mana! Ya kwafi asalin fayil ɗin ya ajiye gefe, shi ke nan. Counter-Strike mod ɗin Half-Life ne a 1999. The Forgotten City wani lauya ɗan Ostareliya, Nick Pearce, ya fara shi a matsayin mod ɗin Skyrim a 2015, a 2021 ya zama gem mai zaman kansa.

10/ Mu kuwa kullum kuka: babu kayanmu a gem. Ga mayaƙan Alik'r can a ƙofar Whiterun, kansu a naɗe, suna jiranka. Je Kasuwar Barci ko ta Sheikh Gumi, ɗauki hoton shadda a shimfiɗe da hasken safe, buɗe fatar rigarsu da GIMP ko Paint.NET, ɗora, ajiye a .dds, girman 1024 ko 2048, da suna iri ɗaya da na asali. Aikin wuyan babbar riga ba zai taso ba sai ka gyara ɗan'uwansa mai ƙarewa da _n.dds, shi ke nuna wa haske inda zare ya yi tudu.

11/ Duk wanda ya yi a wannan makon ya ɗora hoto a ƙasa. Masu filas kuma ku zo, ina nan, a kawo jerin mod ɗin mu buɗe a gaban jama'a.